Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Me Zai Sa Mu Yi Hayar Alƙalami?

A gafarce ni da shirun da na yi kwana biyu. Kaka ce ta shigo, kun kuwa san yadda Kasuwan Garba take idan masara da dawa da waken suya suka fara sauka, mai shago ba ya samun ta kansa. Yau ɗin ma ba don nishaɗi na zauna rubutu ba. Wata magana ce ta taso a taron ƙungiyarmu na ƙarshen wata, na ga idan na yi shiru za a yanke hukunci a kan kuɗin jama'a alhali rabin masu kuɗin ba su san abin da za a saya da shi ba.

Ga yadda aka yi. Allah Ya hore wa ƙungiya kwamfutoci guda biyu na hannu, ɗaya za ta zauna a ofis, ɗaya kuma a makarantarmu ta Islamiyya. Da aka zo maganar manhajar da za a riƙa rubuta wasiƙu da lissafin kuɗi da ita, sai wani ɗanmu, ɗan aminina, wanda ya gama karatu a Minna, ya miƙe ya ce a yi rajistar Microsoft 365 a riƙa biya duk shekara. Yaro ne mai hankali da ladabi, ba na ko shakkar niyyarsa. Ni kuma na ce a'a, ko dai a saya sau ɗaya a huta, ko a ɗauki ta kyauta. Sai ya ce da ni, "Baba, ai zamani ya wuce nan. Yanzu a duniya ba a sayen manhaja, haya ake yi." Aka yi dariya, dattawa suka ce a ɗage maganar sai zama na gaba. To ɗana, ga amsarka a rubuce, don kowa ya karanta ya yi mana alƙalanci.

A Kan Me Ake Jayayya?

Bari in fara da bayani saboda iyayenmu da yayyenmu da ba su saba da kwamfuta ba, tunda kuɗinsu ne. Idan an ce manhajar ofis, ana nufin kayan aikin da ke cikin kwamfuta waɗanda ake rubutu da lissafi da su. Fitattunsu su ne na kamfanin Microsoft na Amurka: Word na rubuta wasiƙa da takardu, Excel na lissafi da jera sunaye, PowerPoint kuma na gabatar da bayani a allo. Duk wanda ya taɓa zuwa shagona aka buga masa takardar yarjejeniya ko ta neman aiki, to da irin waɗannan aka yi masa.

A da, hanya ɗaya ce. Ka sayi faifai, ka loda a kwamfutarka, shi ke nan, ka yi ta aiki har kwamfutar ta mutu. A 2011 kamfanin ya fito da tsarin haya mai suna Office 365 don kamfanoni, a 2013 ya buɗe shi ga mutanen gida, a 2020 kuma ya sauya masa suna zuwa Microsoft 365. A wannan tsari ba ka sayi komai ba. Izinin amfani kake biya, wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya kuma manhajar ta ɗaure hannunta: za ka iya buɗe takarda ka karanta, ka iya bugawa a firinta, amma ba za ka iya gyara ko harafi ɗaya ba, balle ka rubuta sabuwa. Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, illa iyaka an tura ta lungu. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya fitar da Office 2024, wanda ake biya sau ɗaya. Saboda haka maganar cewa yanzu ba a sayen manhaja ba gaskiya ba ce. Ana sayarwa, tallarta ce kawai ba a yi, mai karatu kuma ya tambayi kansa dalili.

Mu Yi Lissafi Irin Na Kasuwa

Mu 'yan kasuwa ne, 'ya'yan 'yan kasuwa, don haka a ajiye turanci a ɗauki lissafi. Zan yi amfani da farashin Amurka domin shi ne uwar farashi. Office 2024 na gida ya fito a kan dala 150, wanda kuma aka halatta yin sana'a da aikin ƙungiya da shi, dala 250. Kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da toshe masa kafofin ɓarna har zuwa Oktoban 2029, wato shekara 5. Ita kuwa haya ta mutum ɗaya, tun Janairun 2025, dala 100 ce a shekara. Ta 'yan kasuwa mai ɗauke da Word da Excel na kan kwamfuta ita ma a 2025 daga wajen nan take farawa ga kowane mutum guda.

Shekara biyar ta haya, dala 500 ke nan. Saye kuwa 250, ko 150 ga mai aikin gida. Kafin shekara ta uku ta ƙare mai haya ya riga ya biya kuɗin saye, kuma babu abin da ya mallaka. Idan shekara biyar ta cika, wanda ya saya yana nan da manhajarsa tana aiki, gyaran kamfani ne kawai ya tsaya. Mai haya kuwa, in bai kawo ta shekara ta shida ba, an rufe masa ƙofa kamar bai taɓa biyan ko sisi ba.

Wannan lissafin ma na yi shi ne a kan cewa farashi zai tsaya inda yake, alhali ba ya tsayawa. Kafin Janairun 2025 hayar mutum ɗaya dala 70 ce, aka wayi gari ta koma 100. Ta iyali ta tashi daga 100 zuwa 130. Dalilin da aka bayar shi ne an saka ƙirƙirarriyar basira mai suna Copilot a ciki. Wa ya ce yana so? Ba a tambayi kowa ba. A Ostireliya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai kamfanin kotu a Oktoban 2025, tana zarginsa da ɓoye wa mutane kimanin miliyan 2.7 cewa akwai tsarin da za su iya zama a kai a tsohon farashi ba tare da Copilot ba. Bayan haka kamfanin ya ba su haƙuri, ya ce zai mayar da rarar kuɗi ga waɗanda suka koma tsohon tsarin. Su ke nan da suke da hukumar da za ta tsaya musu. Mu a Kasuwan Garba wa zai shigar mana da ƙara?

Bashin Dala A Aljihun Naira

Ɗana zai ce dala 100 a shekara ba wani abu ba ne. A can inda ake karɓar albashi da dala, haka ne. Mu da naira muke sayar da masara. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a bayan fage kuma wajen 750. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta kai wajen 1,500. Mu ɗauki na bayan fagen ma don a yi adalci: dala 70 a kan 750 ta kama naira 52,500. Dala 100 a kan 1,500 kuwa naira 150,000 ce. Cikin ƙasa da shekara biyu kuɗin ya kusa ninkawa uku, alhali wasiƙar da ake rubutawa ita ce dai, ba ta ƙara tsawo ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato hayar shekara ɗaya ta fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci.

Na san kamfanoni kan sa wa kowace ƙasa nata farashin, ana kuma iya rubuta maka shi da naira. Wannan bai canja komai ba, domin wanda ya rubuta farashin da dala yake lissafin ribarsa, kuma shi kaɗai ke da ikon gogewa ya sake rubutawa. Wanda ya saya sau ɗaya ya haɗu da dala sau ɗaya, ya sha zafinta ya wuce. Mai haya kuwa ya ɗaura wa kansa alkawarin haɗuwa da ita duk shekara, bai kuma san da wace fuska za ta zo masa ba.

Sannan ko kana da kuɗin, ta ina za ka biya? Mai karatu bai manta ba, a 2022 bankunan ƙasar nan suka rage abin da katin naira zai iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 suka fara buɗewa. Kusan shekara uku mutum yana da kuɗinsa a banki amma sai ya roƙi wani ɗan'uwa da ke waje, ko ya bi ta hannun dillalan katin dala, kafin ya biya hayar abin rubutunsa. Abin da ya faru sau ɗaya, babu wanda zai rantse ba zai sake faruwa ba.

Ranar Da Na Ji Kunya

Ba labari aka ba ni ba, ni ma na taɓa faɗawa. A cikin waɗancan shekaru na rufe kati, akwai wata manhajar tsara takardu da na yi hayarta a shago, ba sai na ambaci sunan masu ita ba, domin ba su yaudare ni ba, ni na kai kaina. Wata ranar kasuwa wani dattijo ɗan'uwanmu ya zo da mai gonar da ya shekara da shekaru yana nomawa aro. Allah Ya yi mai gonar ya yarda zai sayar masa. Ga shaidu sun zauna a benci, ga wakilin mai unguwa, ga mai gona yana sauri zai bi mota. Ina da fom ɗin yarjejeniya da na tsara tun tuni, sunaye da iyakoki kawai zan canja. Na buɗe, manhaja ta ce wa'adina ya cika. Na sa kati, banki ya ƙi. Ga takardata ina kallo, ni na rubuta ta da hannuna, a cikin kwamfutata, a cikin shagona, amma ba ni da ikon taɓa ta.

Abin da ya fitar da ni kunya ranar wata tsohuwar kwamfuta ce da na jingine a lungu, mai ɗauke da manhajar da na saya tun ina saurayi. Na kakkaɓe mata ƙura, na tayar da janareta, na sake buga takardar daga farko, aka sa hannu kafin motar ta cika. Da mai gonar nan ya tafi ya kwana da maganar, 'yan'uwansa suka sa baki, wa ya san ko da cinikin zai tsaya? Tun ranar na fahimci abin da Bahaushe yake nufi da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ku kuwa 'yan'uwa kun fi kowa sanin wannan. Kakanninmu da iyayenmu da suka taso daga Katsina da Gobir da Zamfara da Maraɗi suka sauka a ƙasar Kontagora, da aro suka fara: gonar aro, ɗakin haya, rumfar haya. Masu ƙasa sun karɓe su hannu biyu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma babu ɗaya daga cikinsu da burinsa ya kasance ya mutu a haya. Kowa tara kwabo yake har ya sayi fili ya riƙe takarda. Yau a ce jikokinsu ne za su ɗauki rajistar waɗannan takardu, da sunayen marayu, da lissafin adashi da na gudummawar jana'iza, su zuba a cikin abin da sai an biya haya ake gyara shi?

Sabis, Da Wanda Ke Riƙe Da Makulli

Akwai wani sharaɗi da ba a cika faɗa wa mutane ba. Manhajar haya tana bukatar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kimanin wata guda, don ta tabbatar wa masu ita cewa ka biya. In ba ta samu ba, sai ta ɗaure hannu ko da kuɗinka na shekara yana hannunsu. A Legas wannan ba komai ba ne. Mu kuwa ƙaramar hukumarmu ta Mariga tana iyaka da Zamfara. A farkon Satumban 2021 aka kashe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce mako biyu, abu ya zarce wata biyu a wurare da yawa, ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko ba a kashe da gangan ba, mun san yadda sabis yake ɗaukewa a nan, mun kuma san cewa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma da janareta da sola muke aiki. Mutumin da yake fama da igiyar wuta da ta fetur, me zai sa ya ƙara wa wuyansa ta sabis da ta kati?

Abin ma ya wuce nan. A Oktoban 2019 kamfanin Adobe, wanda tun 2013 ya koma haya zalla, ya sanar da mutanen ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu gaba ɗaya saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasarsu. Mai ɗaukar hoto da mai buga katin biki a can ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sai da kamfanin ya samu izini na musamman kafin ya janye. Waɗanda ke da dangi a Nijar ba sa bukatar a je da su nesa haka. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar ƙasar, aka rufe iyaka, sai a farkon 2024 aka sassauta. Ba siyasar abin nake magana ba. Darasin nake so a ɗauka: duk abin da makullinsa yake wata ƙasa, rigimar da ba taka ba tana iya rufe maka shi.

Inda Ɗana Yake Da Gaskiya

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujjoji, kuma wasu masu nauyi ne.

Ta farko, ya ce haya tana zuwa da babbar ma'ajiya a intanet, wadda suke kira OneDrive, mai cin terabayit guda. Idan ɓarawo ya ɗauke kwamfuta, ko gobara ta tashi, ko Allah Ya kiyaye aka shigo gari, takardu suna nan. Wannan gaskiya ne, kuma a irin zaman da muke ciki babu mai raina ta. To amma takardun ƙungiya nawa ne? Wasiƙa ɗaya ba ta fi 'yan kilobayit ba. Shi kansa Microsoft yana ba da gigabayit 5 kyauta, Google yana ba da 15. Wannan zai ɗauki dubban takardu, fiye da abin da za mu rubuta har jikokinmu. Wanda kayansa ba su cika buhu ba, ba ya hayar tirela. Kuma a daina ruɗa mu da sunan girgije. Babu wani girgije, kwamfutar wani ce a wata ƙasa. A ajiye kwafi a can, na yarda, amma a ajiye wani a filashi a gidan ma'aji, wani kuma a takarda cikin akwatin ƙarfe.

Ta biyu, ya ce akwai tsarin iyali na mutum shida a kan dala 130, kowa ya tashi da wajen dala 22 a shekara. Lissafinsa daidai ne, kuma ga magidancin da ke da 'ya'ya biyar a jami'a, kowa da kwamfutarsa, a gari mai sabis, wannan ya fi saye sauƙi. Ban musa ba. Sai dai an yi tsarin ne don amfanin gida, ƙa'idarsa ba ta yarda a yi sana'a ko aikin ƙungiya da shi ba. Sannan makullan shida duk suna aljihun mutum ɗaya. Ranar da katinsa ya ƙi, ko ya yi tafiya, ko aka saɓa da shi a taro, duk shidan sun tsaya.

Ta uku, ya ce mai haya kullum yana samun sabon abu. Na tambaye shi, cikin shekara ashirin da suka wuce, wane sabon abu ne ya canja yadda ake rubuta "Bayan gaisuwa mai yawa"? Babban kamfani a Abuja mai ma'aikata ɗari, waɗanda suke aiki a kan takarda ɗaya daga garuruwa daban-daban, shi haya ta dace da shi, ya je ya yi. Mu kwamfuta biyu gare mu da sakatare ɗaya.

Ta huɗu ita ce ta fi cizo, ya ce ai sayen ma ba mallaka ba ce, lasisi ne. Haka ne. Kwamfuta ɗaya yake hawa, sai an haɗa shi da intanet a ranar farko, kuma gyaran kamfani yana da wa'adi, kamar yadda na Office 2016 da 2019 da Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Na karɓi wannan. Amma akwai bambanci tsakanin maƙerin da ya ce daga bana ya daina wasa maka gatari, da wanda zai zo ya karɓe gatarin kana tsakiyar sara.

Ya kuma ambaci cewa ana yi wa ƙungiyoyin taimako rangwame. Ana yi, ga waɗanda suka cika sharuɗɗa. Amma a 2025 kamfanin ya janye wasu lasisin da ya daɗe yana ba irin waɗannan ƙungiyoyi kyauta, bayan sun riga sun zuba komai nasu a ciki. Wanda ya ba ka, shi ke da ikon karɓewa.

Ba Kuma Sata Nake Cewa A Yi Ba

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: Malam, duk wannan dogon turanci na me? A kai wa yaran kasuwar waya su loda mana na dubu biyu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin shagunan buga takardu da muka sani da irin wannan suke aiki, ni ma na yi a baya, Allah Ya yafe mana. Amma ba zan ba ƙungiya wannan shawara ba. Na ɗaya, haƙƙin wani ne, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta hana, kuma ba na jin akwai malamin da zai ce a rubuta sakamakon ɗaliban Islamiyya da kayan da aka fasa wa makulli. Na biyu, wanda ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa, su lalata takardu ko su kwashe kalmomin sirri, har da na banki. Haka su ma lambobin lasisi masu arha da ake tallatawa a intanet, yau su yi aiki, gobe a toshe su, ba ka da wanda za ka kama. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hanya Ta Uku

Akwai hanyar da ba haya ba, ba sata ba, ba kuma dala. Sunanta LibreOffice. Manhaja ce ta kyauta, halal, wadda wata gidauniya mai zama a Jamus ke kula da ita tun 2010, mutane daga ƙasashe da yawa suna taimakawa wajen gina ta. Tana da Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma adana su a irin tsarinsu. Ba ta tambayar kati, ba ta neman leƙa intanet, mutum ɗaya ya sauko da ita a Kontagora ya zuba a filashi, gari duka ya loda. Tana rubuta ƙ da ɗ da ɓ, tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, abin da malamanmu na Islamiyya ke bukata. Tana kuma tafiya a kan irin kwamfutocinmu na gwanjo.

Kada a ce abin talakawa ne. A 2024 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice, babban dalilinta kuwa shi ne kada bayanan jama'arta su dogara da kamfani ɗaya na wata ƙasa. Jamusawa ke nan masu kuɗi. Don adalci, birnin Munik na can ya gwada irin wannan shekaru da dama, a 2017 ya yanke shawarar komawa Windows. Ita ma tana da nata: wani lokaci takardar da aka ƙawata sosai a Word takan ɗan goce idan an buɗe ta a Writer, wanda ya saba da waccan kuma sai ya yi mako guda yana laluben maɓallai. Maganin na farko shi ne a mayar da takarda PDF kafin a aika, na biyu kuma haƙuri.

Game da makaranta kuwa, a tuna da abin da ya faru a 2007, lokacin da Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na Intel don 'yan makaranta, ɗauke da babbar manhajar Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Da labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, daga baya hukumar da ke biyan kuɗin mafi yawansu ta ce za a bar su yadda suka zo. Me ya sa manyan kamfanoni za su yi kokawa a kan kwamfutar ɗan firamare? Domin sun san abin da yaro ya saba da shi, shi zai biya wa kuɗi idan ya girma. Mu koya wa 'ya'yanmu rubutu da lissafi a kwamfuta, kada mu koya musu dogaro da kamfani ɗaya.

Kammalawa

Ga abin da zan gabatar a zama na gaba, in Allah Ya kai mu. Kwamfutar makaranta a sa mata LibreOffice, ba a kashe ko kwabo ba. Ta ofis ma a fara da ita wata uku. In sakatare ya ga akwai takardun hukuma ko na banki da ba sa zama daidai sai da Word, to a sayi lasisi guda na Office 2024, irin wanda aka halatta wa ƙungiya, daga hannun amintaccen dillali, da rasiti da sunan ƙungiya, ba da sunan wani mutum ba. Kowace Juma'a a kwafe komai a filashi biyu da ma'ajiyar intanet ta kyauta, kalmar sirri kuma ta kasance wajen mutum uku. Kuɗin da za a riƙa aika wa Amurka duk shekara, a sayi batirin sola da tawadar firinta, abin da ya rage a ƙara wa malaman Islamiyya.

Kai kuma ɗana, kada ka ga na fito da kai fili ka yi fushi. Da ban ɗauke ka da muhimmanci ba da ban ɓata dare guda ina ba ka amsa ba. Ka fi ni sanin kwamfuta, wannan ba gardama. Abin da na fi ka shi ne na daɗe ina biyan haya. Ka zo ranar taro da alƙaluminka da lissafinka, in ka nuna mini inda na yi kuskure a gaban dattawa zan karɓa, in kuma ba ka samu ba, to kai za ka loda mana LibreOffice ɗin da hannunka, ka kuma koya wa sakatare.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a wannan yanki namu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.